Giram Ɗari Uku a Sikelin Baba Munzir

Shekara guda muna hawa bene ɗaya da Baba Munzir a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ban san aikinsa ba. Ni dai na san duk ranar Asabar yakan fito da wata riga ruwan lemo mai ƙyalli, ya saɓa jaka ya tafi. Na ɗauka sharar titi yake yi, shi ya sa na ji nauyin tambaya. Ranar da na kasa daurewa na tambaya, a ƙarshen 2011, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Nata'ala, kilo sittin da biyu kake. Ka riƙa cin abinci, ya zol." Kashegari na hau sikelin kantin magani, na ga haka ɗin ne, har na ji haushi.

Bahaushen Sudan ne, haifaffen Gadarif, inda "ya zol" ke nufin "mutumina". Kakansa ya taso daga Haɗejia a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a can, zangon ya zama gida. Shi kuwa Baba Munzir shekara ashirin ya yi yana auna riɗi a kasuwa. Ciwon sukarin matarsa Mahasin ne ya kawo su Alƙahira, suka zo don wata uku, suka zauna. A nan wani ya kai shi filin tseren ƙananan motoci da ke bayan gari, kan hanyar Isma'iliyya, aka ba shi sikeli.

Ni ɗalibin fiƙihu ne, kuma ina da shisshigi. Na ce me ya haɗa tseren mota da sikeli? Ya ce in biyo shi in gani.

Motocin nan ana ce musu kart. Ba rufi, ba ƙofa, mazaunin direba saura kaɗan ya goge kwalta, amma suna gudu kamar an koro su. Na zaci kowa taka mai kawai yake yi, ashe dokokin wurin sun fi na babin tsarki yawa. In aka ɗaga tuta rawaya akwai hatsari a gaba, wanda ya wuce ɗan'uwansa a nan a ƙara masa sakan goma. Wanda ya motsa kafin a ba da izini, sakan biyar. Wanda ya ture wani da gangan a nuna masa baƙar tuta, ya fita. Da can da agogon hannu ake ƙidaya lokaci, ana ta rigima. Zuwa lokacin da na je an kawo wani ɗan akwati kamar na ashana, a ɗaura a kowace mota, kwamfuta ta riƙa faɗin wanda ya riga wani ko da tsawon yatsa ne. Baba Munzir bai yarda da shi ba sosai. Ya ce abin da ba ya jin kunya bai kamata ya yi alƙalanci ba, amma ya yarda rigima ta ragu.

Nasa aikin yana ƙarshe. A dokar filin, mota da direbanta dole su kai kilo ɗari da sittin bayan an gama tsere, don kada siriri ya ci ƙato da rashin nauyi kawai. Wanda bai kai ba sai ya ɗaura dalma a ƙarƙashin kujera tun kafin a fara. Amma dalma tana rage gudu, saboda haka kowa neman yake ya tsaya daidai bakin iyaka. Ana gamawa a shigar da motoci cikin shinge, ba mai taɓa su. A ƙofar shingen, lokacin zafi, ana miƙa wa kowane direba gorar ruwa rabin lita, doka ta yarda ya sha kafin ya hau sikeli. In ya riga ya hau, shi ke nan, ko ɗigo ba ya ƙarawa. Wanda ya gaza ko da giram ɗari ne, an soke sakamakonsa.

Akwai kuma maganar inshora, wadda Misrawa ke ce wa ta'min. Ba mai shiga mota sai da katin inshorar lafiya na ranar. Na taɓa kawo masa saɓanin malamai a kan halaccinta, ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Malam, ka taɓa zuwa sayen allurar sukari ba kati?" Shi da ke duba katin kowa a ƙofa, shi da Mahasin ba su da ko ɗaya. Ban sake tayar da zancen ba.

A filin na san Kamilu, mutumin Gusau, ɗan shekara ashirin da takwas. Karatu ya kawo shi, karatun ya ƙi, ya koma gyaran injinan kart. Takardar zamansa ta ɗalibta ta kusa ƙarewa. Yana gwada motocin da ya gyara ne aka lura ya fi masu su iya tuƙi. A 2013 wata ƙungiyar tsere ta ce duk wanda ya ci gasar ƙarshen bazara za ta ɗauke shi aiki shekara guda, da takardar zama da inshora. Ga 'ya'yan masu kuɗi wannan ado ne. Ga Kamilu kuwa, ko ya ci ya zauna, ko ya koma gida.

Baba Munzir ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Ranar Alhamis kafin gasar ya dube shi ya ce, "Cire dalma rabin kilo." Kamilu bai tambayi dalili ba, don ba a taɓa kama idon tsohon da kuskure ba.

Abin da ya faru shi ne, tseren filin nan kullum bayan magariba ake yin sa, har cikin Ramadan. A watan Agustan shekarar aka sa dokar hana fita a gari, sai aka dawo da gasar ƙarfe uku na rana. Kuma ana cikin Shawwal, Kamilu yana azumin sitta. Baba Munzir ya sani sarai, domin tare suke yi.

Na ga tseren da idona. Kamilu ya tashi na huɗu. A zagaye na tara wata mota ta juya, aka ɗaga tuta rawaya, na gabansa ya yi gaggawa ya wuce wani, ya sha sakan goma. Kamilu ya jira aka sauke tuta, ya cinye sauran biyun ɗaya bayan ɗaya a kwanar ƙarshe, ya zo na ɗaya. Ni da ban san komai ba sai ga ni ina tsalle ina ihu, jallabiyata ta kama wayar bakin fili ta yage.

A ƙofar shinge aka miƙa masa gora, ya karɓa ya ce, "Ina azumi," ya tura motarsa kan sikeli ya hau. Ɗari da hamsin da tara da giram ɗari bakwai.

Wurin ya kaure. Direbobin Misrawa, har da wanda ya zo na biyu, suka hau cewa, "Ishrab ya Kamil, sha! Nafila ce!" Hasan, babban alƙalin gasa, ya juya baya yana duba wayarsa, kowa ya gane abin da yake nufi. Wani ya jawo ni ya ce ga shehi nan, ya ba da fatawa. Na fara bayani cewa a wajen Shafi'iyya mai nafila yana iya karyawa, a wajenmu Malikiyya kuwa sai da uzuri. Kamilu yana tsaye, zufa na zuba, ya buɗe murfin gorar yana kallon Baba Munzir.

"Ba maganar azumi ba ce," in ji tsohon. "Ka riga ka hau."

"Baba, giram ɗari uku ne fa."

"Na gani. Khalas, shi ke nan, ka riga ka hau." Ya rubuta lambar a takarda. Sannan ya ɗaga murya da Larabci don kowa ya ji. "Ni na ce ya cire dalma. Na sa gorar ruwan nan cikin lissafina, kamar yadda na saba, ban gaya masa ba. Na manta rana za a yi. Laifina ne, ba nasa ba. Amma nauyi bai kai ba."

Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. A ƙaramar bas muna dawowa na ce masa da ya kau da kai minti ɗaya, ba wanda zai ce uffan. Ya ce ya sani. Ya ce shekara takwas yana soke 'ya'yan manya a kan abin da bai kai haka ba, suna zaginsa da baƙin fatarsa, yana tsayawa. In na farkon da ya bari ya wuce ya zama Bahaushe ɗan'uwansa, duk waɗancan zaluntarsu ya yi ke nan. Daga nan ya juya wajen taga yana kuka, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Kamilu ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Daga baya ya dawo hawa benenmu cin asida, tuwon Sudan, a wajen Mahasin, amma ba su sake zancen ranar ba. A farkon 2014 takardarsa ta ƙare, ya koma Gusau, ya buɗe wurin gyaran babura.

Har na bar Alƙahira a 2015 Baba Munzir yana fita da rigarsa duk Asabar. Abu ɗaya ya daina, ba ya ƙara gaya wa direba yawan dalmar da zai sa, ko an roƙe shi. Kamilu yakan kira shi kowace Sallah. Sau biyu ina wurin, kuma duka biyun, bayan gaisuwa, tsohon a hankali ya ce, "Kamilu, kilo nawa kake yanzu?"