Tayar da Malam Ila ya ƙi yi wa faci

Ina tsugune gaban Malam Ila mai faci, nan Tahoua, ya juya tayar motata sau biyu, ya ajiye. Karo na uku ke nan tana fashe mini a hanyar Kalfu.

Na ce, "Malam, liƙe mini ita, gobe kasuwa."

Ya ce, "Direba, wagga ba ni taɓa ta. Da ƙusa ce ta huda inda take taka ƙasa, da tuni na gama. Amma gefe ya tsage, kuma gefe shi ke lanƙwashewa in an yi lodi. In na liƙe, da mutane mota za ta kife."

Ya goge wata lamba a jikinta da yatsa. "Wagga lamba ke nuna nauyin da take iyawa. Buhu nawa kake ɗora mata?"

Ni ma ban sani ba. Lodina nake yi daidai, amma kafin in bar ƙauye sai Kawu ya fito da buhun hatsi, Inna ta turo na wake, surukina ya jawo rago. Kowa cewa yake ɗaya ne kawai. Ni kuma sai in ƙara wa taya iska, in ce Allah ya kiyaye.

Wallahi na gaji. Sabuwar taya zan iya nema. Abin da ban iya ba shi ne kallon idon Kawu in ce ya sauke buhunsa.

Ku direbobi, yaya kuke faɗa musu?