Digirin da Ya Rataya a Hannun Mai Walda

Mutanen layinsu ba su san ta da wani suna ba sai Auta, ko da yake ta daɗe da girma. Ita ce ƙarama a gidan, kuma babban wansu, wanda kowa ke kira Mai Walda, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Shagonsa na ƙarshen layin: rumfar kwano ce mai faɗi, ƙofofin ƙarfe da ba a gama ba suna jingine da bango, ƙasa kuwa duk guntayen sandar walda. A nan Auta ta yi yawancin karatunta na yarinta, a kan wani benci da ke nesa da tartsatsi, Yaya na daka mata tsawa duk lokacin da ta ɗaga kai ta kalli hasken.

Ta karanta injiniyanci, ta koyar na ɗan lokaci a wata kwalejin fasaha, sannan ta koma jami'a neman digiri na uku a fannin ƙera mutum-mutumi. Abin da take aiki da shi bai yi kama da mutum ba ko kaɗan. Hannun ƙarfe ne guda, mai gaɓoɓi, ɗaure a kan tebur a ɗakin gwaje-gwaje. Irin waɗannan hannaye sun daɗe suna walda a masana'antu, amma sai an tsara musu kowane motsi tukuna. Ita kuwa tana so nata ya koya ta kwaikwayo. Gwani zai sa safar hannu mai ɗauke da ƙananan na'urorin auna motsi, ya yi walda yadda ya saba, kwamfuta ta ɗauki motsin, hannun ƙarfe ya maimaita har ya iya.

Tsarin binciken na da sharaɗi guda mai nauyi: dole gwani ɗaya ne zai koyar daga farko har ƙarshe, domin idan aka canza hannu a tsakiya, babu yadda za a kwatanta sakamakon farko da na baya. Auta ta zaɓi Yaya. Daga ranar, digirinta ya rataya a kan hannunsa na dama.

Ran da ya fara zuwa, ya zagaya teburin yana kallon na'urar sama da ƙasa.

"To, Auta, wato ni zan koya wa wannan abin sana'ata, gobe ya kore ni daga shago?"

"Haba Yaya, ai almajirin kirki na samo maka. Shi dai ba zai ce maka kakarsa ta rasu duk ranar Litinin ba."

"Yana gaisuwa?"

"Bai iya ba."

"To ai duk ɗaya suke da na shagon."

Haka ya riƙa zuwa da hantsi sau ɗaya a mako, ya bar aikinsa, ya sa safar yana mita cewa ta matse masa yatsu. Aiki ya yi kyau a shekarar farko. Farfesar da ke duba binciken, mace mai ƙarancin magana, ta taɓa ɗaukar wani farantin ƙarfe da na'urar ta haɗa, ta shafa ɗinkin waldar da babban yatsa, ta ce ba ta da gyara.

A cikin shekara ta biyu ne hannun ƙarfen ya fara rawa. Rawar ba ta da yawa, sai an matso ake ganinta, amma tana fitowa a ɗinkin kamar sawun tsutsa. Auta ta bi abin yadda aka koya mata. Ta kwance gaɓoɓin ta ɗaure, ta canza wayoyi, ta aro wata safar daga ɗakin da ke kusa. Daga ƙarshe ta sa safar a nata hannun ta ja layi a kan ƙarfe: layin bai yi kyau ba, amma bai yi rawa ba. Sai ta jera motsin Yaya a fuskar kwamfuta, na watannin farko a sama, na baya a ƙasa. Na saman sun miƙe. Na ƙasan suna da wata 'yar girgiza mai zuwa a kai a kai, kuma tana ƙaruwa daga wata zuwa wata. Na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da aka koya mata take yi.

Da Auta ta nuna wa Farfesa, ta daɗe tana kallon fuskar kwamfutar.

"Ni ba likita ba ce, amma wannan abin a kai wa likita ne," in ji ta. "Sai dai ki sani, in ya daina zuwa, kashin ƙarshe na gwajin ya rushe, kuma tallafin karatunki ba zai jira a sake sabon lale ba. Watanni kaɗan suka rage. Wanki ne, ke kika san shi."

Ya kamata a rubuta abin da ya biyo baya yadda ya faru. Auta ba ta faɗa masa nan take ba. Ta bar shi ya sake zuwa, ya kuma sake zuwa, tana gaya wa kanta cewa tana neman ƙarin tabbaci ne. A zuwansa na ƙarshe ta lura yana dafe gwiwar hannunsa da gefen tebur kafin ya fara, abin da bai taɓa yi ba, kuma hayaƙin waldar na tashi yana shiga ƙarƙashin gilashin fuskarsa kamar kullum. Washegari ta same shi a shago.

Bai bari ta kai ƙarshen bayanin ba.

"Na'urarki ce ke rawa, Auta. Ki je ki ɗaure mata noti. Ni da nake haɗa ƙarfe tun kina rarrafe?"

"Yaya, na duba komai."

"To ki sake dubawa, Malama Dokta. Karatu ya yi yawa, an fara gane-gane."

Ta san gardama ba za ta kai su ko'ina ba. Da ta koma jami'a, sai ta sa hannun ƙarfen ya haɗa faranti biyu: ɗaya da abin da ya koya a watannin farko, ɗaya da na baya-bayan nan. Ta kai su shago da yamma, lokacin da ya zauna hutawa, ta ajiye a kan benci ba tare da ta ce komai game da asalinsu ba. Ta ce masa kawai tana so ya duba mata aiki.

Ya ɗauki na farko ya juya shi a haske.

"Wannan ya san abin da yake yi. Dubi yadda ya tafi bai tsaya ba."

Ya ɗauki na biyu, ya yamutsa fuska.

"Wannan kuwa, in a shagona yake, sai in ce ya koma yankan ƙarfe da fenti. Ba rashin iyawa ba ne, kin ga ya san hanya. Hannun ne ba ya tsaya masa. Waye?"

"Duka biyun naka ne, Yaya. Na farko bara, na biyu wannan watan."

Ya ajiye farantin a hankali. Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya fara naɗe wayar injin, ko da yake lokacin tashi bai yi ba, ya ce ta gaida mutanen gida.

Bai sake zuwa jami'a ba, kuma ya yi makonni ba ya ɗaukar wayarta. Daga bakin matarsa Auta ta ji cewa ya je asibiti shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba sai da ya dawo da magani. Likita ya ce ciwon jijiya ne da aka gano da wuri, ya kuma hana shi zama cikin hayaƙin walda. Shagon bai rufe ba. Yaya ya koma awo da karɓar aiki da duba abin da ma'aikatansa suka yi, kuma an ce ya fi dā tsanani.

Kashin ƙarshe na gwajin ya rushe kamar yadda Farfesa ta faɗa. Tallafin ya ƙare, abokan karatun Auta suka gama suka tafi, ita ta koma koyarwa a tsohuwar kwalejinta da safe, ta zo ɗakin gwaje-gwaje da rana. Kwamitin sashen ya yarda ya ƙara mata lokaci idan ta kawo sabuwar tambayar bincike. Wadda ta kawo ita ce: ta yaya na'ura za ta bambance abin da gwani ke nufin yi da abin da hannunsa ya yi ba da sonsa ba? Duk abin da take bukata yana cikin motsin da ta riga ta ɗauka. Amma waɗannan yanzu bayanan rashin lafiyar mutum ne, kuma jami'a ba ta yarda a taɓa su sai da izininsa. Digirin ya sake komawa hannun Yaya.

Ta same shi a ƙofar shago yana auna tagar wani gida. Ta yi masa bayani a tsaye, ta ce ba za a ambaci sunansa ba, kuma in ya ƙi, ba za ta ga laifinsa ba.

"Wato rawar hannuna za ki kai gaban manyan malamai su zauna su kalla?"

"Haka ne, Yaya."

Ya ci gaba da awo, ya sa alama da alli, sannan ya miƙe.

"Ki kai. Amma duk inda kika nuna na bana, ki nuna na bara kusa da shi, ki gaya musu mutum ɗaya ne. Kada wani ya ɗauka haka na fara."

Da wannan sharaɗi aka yi aikin, kuma Auta ba ta saɓa masa ba ko a shafi ɗaya na kundin. Ta kare bincikenta a gaban kwamiti shekara biyu bayan sa'o'inta, aka ba ta digirin. Har yanzu tana koyarwa a kwalejin.