Gwangwanin Zvonko a Ɗakin Kabeji

Biserka Lončar ta ƙare ƙuruciyarta tana shafa fenti a bayan ledar zane, farar leda mai kauri da ake gani ta cikinta. A gidan fim ɗin zane da ta yi aiki a Zagreb, maza ke zana mutane, mata kuma su zauna a jere su cike launi, kowacce da nata. Ita ruwan toka aka ba ta: riguna, bango, hadari. Ledojin ba a jere suke zuwa ba, yau na tsakiya, gobe na farko, don haka mai fenti ba ta sanin labari sai ranar haskawa. Da an gama ɗaukar su a kyamara kuma sai a zuba su a baho a wanke, a sake zane a kansu.

Mijinta Zvonko fim ɗaya tak ya yi na kansa, gajere, a kan wani mutum da aka rushe wa gida, ya goya ƙofar yana yawo yana neman bangon da zai kafa ta. Biserka ce ta yi wa mutumin riga, ita ce kuma ta wanke shi da hannunta. Manyan gidan fim ɗin suka kalla su kaɗai, suka ce baƙin cikinsa ya yi yawa, a ajiye. Zvonko ya ɓoyo gwangwanin da aka naɗe fim ɗin a ciki a ƙarƙashin kwat ya kawo gida.

"Ya ajiye ƙofar a ƙarshe?" takan tambaye shi.

"Ke dai mai fenti, ki jira babban allo. Ba na sayar da ƙarshen labari a kicin."

Ya rasu bai faɗa ba. Gwangwanin ya zauna a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, wuri mafi sanyi a gidan, tsakanin tulun kabeji da kwalaben tattasai da take jiƙawa a ruwan khal mai tsami duk kaka.

Bana masu bikin gajerun finafinai suka bugo waya, suna son haska shi. Biserka ta naɗe gwangwanin a tawul ta nufi gidan Slavko, tsohon da ya ɗauki fim ɗin hoto bayan hoto, wanda har yanzu yake da teburin duba fim a falonsa.

"Kin tsufa," in ji Slavko daga bakin ƙofa.

"Kai kuma ka yi kyau, kamar dankalin bara. Matsa in wuce."

Ya ɗora gwangwanin a tebur, ya sa wuƙa ya ɓanɓare murfin. Tsami ya cika falon. Slavko ya daina dariya.

"Tun yaushe yake wannan warin?"

"Wane wari? Ɗakin ajiya ne, Slavko. Ɗakin wa ne ba ya warin khal a garin nan?"

"Ba kwalabenki ba ne, Biserka. Shi ne. Haka fim yake wari in ya fara ruɓa."

Ta tuna sau nawa ta sauka ɗebo kabeji, ta shaƙi tsamin nan, ta ce a ranta bana jiƙon ya yi kyau. Ta janyo kujera ta zauna.

Slavko ya sa safar hannu ya fara warwarewa a hankali. Farkon ya saki, ya lanƙwashe amma ana gani. Ta kara shi a hasken taga: ga mutumin, ga ƙofar a bayansa, ga rigar toka da ta shafa. Ya wuce bangon coci, ya wuce bangon masana'anta. Daga nan fim ɗin ya tsaya. Sauran ya manne ya zama dunƙule ɗaya.

"Ja mana," ta ce.

"In na ja, hoton zai biyo yatsana."

"To jiƙa shi. Sa shi a firji. A Vienna fa? An ce suna da injuna."

"Ƙarshen yana can tsakiya, nan ne ya fara narkewa. Ko a ina ne, ba abin da za su tarar."

Ta kama hannun rigarsa. "Kai ka ɗauke shi. Da idonka ka gani. Ya ajiye ƙofar ko bai ajiye ba?"

Slavko ya dubi taga, ya sosa bayan kunne. "Ya ajiye. Ya sami wani bango a bakin teku, fari, ya kafa ta, ya shiga."

"Zvonko bai taɓa zana teku ba. Ya tsani Split da ke bakin teku, ya tsani kifi."



"Ba ka tuna ba," ta ce.

"Leda nake ɗorawa in danna kyamara, in cire, in ɗora wata. Ƙura nake dubawa, ba mutumin ba. Ki yafe ni."

"Ljerka ce ke shafa fenti ruwan ƙasa, ita ta yi ƙofar. Za ta sani."

"Mun binne Ljerka a bazara. Kina wurin."

Biserka ta saki rigar. Ta ɗauki dunƙulen da hannu biyu ta je taga, ta kara shi a rana, tana juya shi ta gefe ko haske zai ratsa.

"Biserka, zauna in dafa kofi."

"Kawo fitila mai ƙarfi," ta ce, ba ta juyo ba. "Wannan ranar ba ta isa ba."