Tekun Malam Hamisu

Matso nan kusa, jawo kujerar can, ku ma sababbin ɗauka ku saurara. Akwai wata rana a aikin nan da har gobe ba ta fita raina ba, a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina shara da dafa shayi a sashen koyar da ilimin ƙasa na wata kwaleji a nan Katsina. Daga Ƙofar Marusa nake tahowa kullum da safe, malamai da ɗalibai duk Gwaggo suke ce mini. Bokona bai wuce firamare ba, amma kunne kam Allah Ya ba ni.

Akwai wani matashin malami, Malam Hamisu, da ya dawo daga ƙarin karatu. Can inda ya yi karatun suka ba sashenmu kyautar kwamfuta, ta farko da muka taɓa samu, da wani shiri a cikinta na koyar da yadda duwatsu suke yin hawa-hawa. Ina share bayan aji na sha jin yana bayaninsa. Ya ce teku ba ta zama wuri ɗaya. Wani zamanin ta cika ta hau tudu, wani zamanin ta janye. A bakinta yashi ke kwanciya, can ciki laka, can gaba kuma ɓawon halittun ruwa. Duk sanda ta matsa sai wani ya hau kan wani, har su daskare su zama dutse. Ni dai na ɗauke shi kamar zannuwa a adaka, na ƙasa shi ya riga shiga. Har ya ce wajen Sakkwato ana tono haƙoran kifin teku a cikin dutse. Ɗalibai suka yi ta dariya, don yawancinsu ko babban kogi ba su taɓa gani ba.

Shi ya sa ya ƙwallafa rai sai sun gani da idonsu. Sai dai na'urar ba ta nunawa nan take. Sai an ba ta lissafi ta yi ta jera layi bisa layi, wuni guda, kowane layi shekaru dubbai ne, kuma in wuta ta yanke kafin ta gama, komai ya tafi. Wuta kuwa ba ta zama, kuma ƙa'idar kwalejin ba a ba da man janareta sai in babban baƙo zai zo. Sannan shugaban sashe, wanda muke kira Dakta, ya ce ba mai taɓa ta sai an ƙaddamar. Haka ta zauna cikin lulluɓi wata da watanni, ina kakkaɓe mata ƙura kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba.

Ana saura mako guda 'yan ajin ƙarshe su shiga jarrabawa, aka samu wani sabon ɗan majalisa ya yarda zai zo. Ba shi ya kawo na'urar ba, bai ma san da ita ba, amma ana son ya ga sashen ko a samu gini. Malam Hamisu ya ga ranar ce kaɗai za a bar janareta tun safe. Ya yi sammako ya kunna, ya tara ɗalibai.

Wallahi abin ya yi kyau. A allon na'urar, shuɗi, wato teku, ya rarrafo daga gefe, rawaya ta yashi ta kwanta a bakinsa, ruwan toka na laka ya bi baya. Can sai shuɗin ya ja da baya, rawayar ta bi shi ta hau kan tokar. Wata ɗaliba, Bilki, wadda ta fi kowa musu, ta dafe ƙirji ta ce, “Malam, ashe da gaske kake!” Ya ce ta jira, sai teku ta dawo karo na biyu za su ga abin da jarrabawa ke tambaya.

Bayan azahar Dakta ya shigo da babbar riga, yana duba ko an jera kujeru. Ya tsaya cak.

“Malam Hamisu, wa ya ce a kunna?”

“Ranka shi daɗe, ai na faɗa maka sai ta wuni tana aiki kafin a ga wani abu.”

“To shi Honarabul in ya zo mi zai yi? Ya yi mata sannu da aiki?”

Ɗalibai suka ƙunshe dariya. Malam Hamisu ya sassauta murya ya ce a kashe allon kaɗai, a bar cikinta tana lissafi, baƙo ya zo ya danna allon, kowa ya samu abin da yake so. Dakta ya karkata kunne wajen na'urar.

“Ga fankarta nan tana ƙugi, ka ce ba zai ji ba? So kake a ce mun yaudari wakilin jama'a? Yanzu ba lokacin soja ba ne, komi a fili ake yin shi.”

“Yallaɓai, yaran nan jarrabawa gare su.”

“Ni ma na ci jarrabawa ban ga teku ba.”

Dakta ya sunkuya da kansa, babbar riga na jan ƙasan da na share, ya zare waya daga bango. Allon ya yi baƙi. Malam Hamisu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya fita ya yi alwala.

Sai bayan la'asar Honarabul ya iso da maroƙa da 'yan rakiya. Aka yi jawabi, aka yanke ƙyalle, ya miƙa yatsa ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ashe an manta ba a mayar da wayar ba. Dakta ya rarrafa bayan tebur ya cusa ta, ya taso yana tafi kafin kowa. Da Malam Hamisu ya buɗe shirin, shuɗi ne kawai a allon, ba komai a ƙarƙashinsa.

“Wannan fa?” in ji Honarabul.

“Teku ce, ranka shi daɗe.”

“Madalla! Da ma mun yi wa jama'a alkawarin ruwa.”

Maroƙa suka ɗauka. Aka sha lemo, aka ɗauki hoto, yatsansa a kan maɓalli. Motarsa ta ƙarshe ba ta gama fita ƙofa ba mai janareta ya kashe, don man na baƙo ne.

Ina kwashe kwalabe na ji Bilki tana cewa, “Malam, to dawowar ta biyun fa?” Ya ɗauki alli ya zana musu a bango, ya ce su haddace. Suka haddace, suka rubuta, wasu suka ci. Na tambayi Bilki daga baya ko ta gane, ta ce, “Gwaggo, rabi na gani, rabi na haddace.” Malam Hamisu bai ƙarasa shekarar ba ya tafi kudu. Na'urar kuwa aka mayar da ita ofishin Dakta don tsaro, aka goge shirin wai yana cinye wuri, ta koma buga takardun taro da katin ɗaurin aure. Ginin ma ba mu gan shi ba.

Abin da na koya a nan, a aikin makaranta ɗalibi shi ne na ƙarshe a layi. Ana tuna shi bayan baƙo, bayan kujeru, bayan lemo. Kuma masu yin haka ba jahilai ba ne irina, masu digiri ne jere. Ku da kuke ciki yanzu kuna ce mini zamani ya canza. To gaya mini tsakaninka da Allah, ranar da babba zai zo wurinku, aikin wa ake tsayarwa?