Ranar da Na Cika Finjali

A Jidda na tsufa, a bakin tukunya kuma na tsufa. Wani gida da ke dafa wa masu biki abinci na yi wa aiki, can wajen Abhur. Aikin kashi biyu ne, na baya da na gaba. Mu baƙaƙe muna baya, muna tsintar shinkafa da kankare ƙanzo. Farare su ke gaba da dalla, wato butar gahawa, a hannu, suna zuba wa baƙi gahawa. Ba wanda ya taɓa faɗar wannan doka da baki. Haka dai muka tarar.

Shugabarmu a madafa wata dattijuwa ce 'yar Yaman, ga faɗa ga tausayi. Ran nan ɗaya daga masu zuba gahawa ta kwanta ciwo, sai dattijuwar ta ce ni zan fita. Uwar ɗakinmu, mai gidan abincin, ta ƙi, wai baƙi ba su saba ba. Dattijuwar ta ajiye ludayi, ta ce to a nemo mai juya shinkafar yau. Sauran mata ma suka naɗe hannu, har da 'yan gaban. Ga abinci a kan wuta. Dole aka miƙo mini dalla.

"Yalla, Hajiya," in ji dattijuwar. "In kika kuskure, ba za su ƙara fitar da ɗayarku ba."

Na fita wurin baƙi. Da kakar amarya na fara, na cika mata finjali fal, don a garinmu rabin ƙoƙo rowa ce. Sai kowa ya juyo yana kallona. Ashe a nan ɗan kaɗan ake zubawa. Wanda aka cika wa, an ce masa ya sha ya kama hanya. Shekara da shekaru ina wanke finjalan nan, ban taɓa ganin yadda ake zuba gahawa a cikinsu ba.

Kakar amaryar ta dube ni. "Korata kike yi, 'yata?"

"Wallahi a'a, Umma. A wurinmu wanda ake so shi ake cika wa."

Sai ta kurɓe shi a hankali har ya ƙare. Ta kamo hannuna, ta nuna mini da ɗan yatsa inda gahawa ke tsayawa. Uwar ɗakinmu ta taho da sauri za ta karɓe dallar, tsohuwar ta ce halas, magana ta ƙare, a bar mata ni, ni zan zuba mata har a tashi.

Biki na gaba mu biyu muka fito daga baya. Ni na koya wa ɗayar zubi.