Gayyar da ta kai ni saman dutse

An kwana biyu da yin wannan abin. Lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Tsanyawa, abokina da ke zaune a Rijiyar Zaki ya turo min hoton wani dutse a gandun dajin gwamnati can wajen Taraba, gajimare ya naɗe masa kai. Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi rumbun gidanmu tsawo ba, nan take na ce sai na taka samansa.

Muka tsara komai ta waya: motar da za mu shiga, takalmin roba, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, har mai rakiya. Abin da ban lissafa ba shi ne dogon hutun makaranta a tsakiyar damina yake faɗowa, ga gonar mahaifina ba a yi mata maimai ba.

Da na gaya masa, ya dube ni ya ce, "Dutse? Me ka ajiye a kansa?"

Na ce, "Kallo ne kawai, Baba."

Ya ce, "Ciyawa ma tana son a kalle ta. Gama maimai, sannan ka tafi ko wata za ka hau."

Hutu ya riga ya ja baya, ni kaɗai kuwa ba zan gama ba. Sai dabara ta faɗo min, na kira gayya. Mahaifiyata ta yi tuwo da fura, samarin unguwa suka zo da hauyoyinsu, kafin la'asar gona ta yi fes. Ranar har takuna ya canza don ji da kai.

Washegari ina haɗa jaka sai ga sallama. Maƙwabcinmu ne. "Malam, gobe tawa gayyar ce." Bai bar ƙofa ba wani ya iso da irin wannan saƙon. Na manta shaf cewa duk wanda ya zo maka, sai ka je masa.

Abokina ya ce min a waya in ce musu sai na dawo. Baba ya ji, ya ce, "Jakar nan ba ta fita sai ka rama wa kowa."

Raina ya ɓaci, har na fara cire rai da tafiyar. Amma haka na bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya. Hannuna ya yi kanta, tumbin zaman aji ya zube. Da ƙyar na gama, saura kwanaki kaɗan a koma makaranta, muka kama hanya.

Dutsen nan ba wasa ba ne, ga santsi ga yayyafi. Abokina yana haki yana neman wurin zama, ni kuwa ƙafafuna ko gezau. Har jakarsa na karɓa na haɗa da tawa. Da muka kai sama na ga gajimare a ƙarƙashina, daɗi ya kama ni har da ƙwalla.

Har yau in na tuna, na san gonakin da na yi ta wa tsaki su suka hau da ni. Shi ya sa ba na ƙin amsa gayya.

A can saman dutsen, waya ta samu sabis, na kira gida. "Baba, na hau! Ga gajimare nan a ƙasana."

Sai na ji dariyarsa. "Madalla, na yi murna. Duba mai ruwa a cikinsu ka koro mana shi, gero na jira."