Ruwan Bakolori a Cikin Tsokar Sa

Mun bar Gusau ranar Talata da ƙarfe shida saura kwata, gari bai gama wayewa ba, ni da Rabi 'yar ƙanena. Ni ɗan rakiya ne. Ita kuwa shekara uku ke nan tana gina wani lissafi a kwamfuta don digirinta, mai bin sawun ruwan da ke ɓoye cikin kaya: shinkafa ta sha ruwa a gona, mai kiwo ya sayi dusarta, ruwan ya koma ɓangaren nama. Ciniki lissafin yake bi, inda aka sayar, can ruwa ya nufa. Gurbi guda ya rage mata, tsakanin noma da nama, kuma Litinin za ta miƙa aikin.

Talata Mafara

Shingen bincike bakwai muka wuce, a uku aka sa ta kunna kwamfutar. Mun isa da tara da minti goma, kasuwa ta fara ci. A kara, wato kasuwar shanu, muka sami wani mahauci, Alhaji Ummaru. Sai da gaisuwa ta ci minti goma sha biyu, na duba agogo, sannan Rabi ta tambayi abin da shanun da yake saye suke ci da rani.

"Karan shinkafa mana, ɗiyata."

"Nawa ake sayensa?"

Ya dube ni. "Malam, daga Abuja taz zo?" Ya ce mu je Bakura mu tambayi masu gonar. Muka kwana gidan wani tsohon abokin aikina, fanka ba wuta, sauro ba tausayi.

Bakura

Laraba da takwas da rabi muka sauka a lamba, mararrabar shiga garin, muka hau babura. Manomin da aka haɗa mu da shi, Malam Sahabi, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo fura, ya ƙi yarda a taɓa zance sai ƙwarya ta bushe. Sha ɗaya ta wuce kafin Rabi ta buɗe takardarta.

"Baba, bayan girbi nawa kake sayar wa makiyaya kara?"

Fuskarsa ta sauya. "In saida ma Ja'e makiyayi kara? Ubanai da ubana haka sunka yi. Shanunai su kwan gonata su ci, su bar min taki. Mi za ni amsa kuma?"

"To ko kimantawa ce, Baba."

"Kimanta min gaisuwar da munka yi ɗazu."

Na kashe rakodar da Rabi ta ba ni in riƙe mata. Manoma biyar muka ƙara gani, amsar ba ta canza ba. Dusa ana sayarwa, wannan kowa ya yarda. Kara kuwa, wanda shi ne cikon cikin garke, a wajensu ba haja ba ne.

Maradun

Alhamis direban motar da muka ɗauka shata ya gindaya mana sharaɗi: kafin la'asar mu bar hanyar, ko ya bar mu. Da sha biyu daidai muka tsaya a wata fadama ƙasa da madatsar Bakolori. Shanu sun cika gonar da aka girbe, ba ka jin komai sai tauna. Rabi ta ɗora kwamfuta a kan bonet ɗin motar, ta sa sifili a gurbin karan, tunda ba ciniki. Lissafin ya amsa nan take: ta wannan hanya ko ɗigo bai shiga naman ba.

Wani bajimi na gabanmu, kara na reto a bakinsa.

"Baffa," ta ce da ni, "in na bar shi haka zai wuce. Ba mai zuwa nan ya duba."

"Haka ne," na ce.

Ta daɗe tana kallon san. Sannan ta buga wa malaminta waya, ta ce Litinin ba za ta yiwu ba, sai ta auna karan da kanta, dami dami. Daga inda nake ina jin faɗansa. Ƙarin zangon karatu guda ke nan.

Muka mai da ita gidan 'yar'uwarmu a Mafara, ta shiga neman aron sikeli. Ni na iso gida da shida da minti ashirin, da ciwon baya. Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa masu masaukinmu. Malam Sahabi kuma ya aiko a gaya wa Rabi ta zo ta auna, amma kada ta kuskura ta taho da kuɗi.